Kafintan da Ya Ce Kada a Yi Masa Akwati

Ko da na iso Daura rana ta take, tabarmi sun cika ƙofar gidanmu har sun ci rabin hanya, masu babur sai sun sauka sun tura. Baba ya cika da asuba. Ni kuwa tun daga Zariya nake kuka a mota, har wata mata da ban sani ba ta karɓi jakata ta riƙe mini. Ina sauka maza suka ɗago kai gaba ɗaya. "Ga 'yar ta iso," in ji wani. "To, madalla, sai a tashi."

Wannan "sai a tashi" ita ta fara damuna, don ni na san babu inda za a tashi a je.

A tsakar gida matan zumunta na ikkilisiyarmu suna waƙa a hankali. Matan maƙwabta suna gefe da hijabansu, ba su san waƙar ba, amma suna share hawaye. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta kama hannuna tana cewa, "Shi ya yi mini ƙyauren ɗakina, har yau ko ƙara bai taɓa yi ba." Wani da ya koyi aiki a hannunsa, yanzu shi ma da furfurarsa, ya tsuguna a bakin rumfar aikin ya rufe fuska da hula. Na lura da yadda baki yake yi wa maƙwabtanmu Musulmi nauyi. Addu'ar da suka saba yi wa mamaci sai ta zo musu har leɓe, su tsaya, su juya ta, su ce, "Allah ya ba ku haƙuri, an yi rashin mutumin kirki." Ban ji haushi ba ko kaɗan. Kowa ya ba da abin da addininsa ya yarje masa, kuma da zuciya ɗaya suka bayar.

Sai Kawu ya aiko a kira ni. Kawu ba jininmu ba ne. Maƙwabcinmu ne, dillalin shanu, katangarmu ɗaya da shi tun kafin a haife ni, kuma aminin Baba ne na ƙut da ƙut. Yana kirana uwar kafinta, saboda sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ma Baban bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

"Uwar kafinta, ya haƙuri? Samarin cocinku sun gama rami tun hantsi, na aika an gano mini. Ƙarfe nawa za a kai shi? Rana tana yi, kada a bar bawan Allah yana jira."

Na sunkuyar da kai. "Kawu, Yaya ya bugo waya daga Abuja. Ya ce a kai shi asibiti a ajiye tukuna."

"A ajiye? Sai yaushe?"

"Sai an shirya. Gida za a kai shi."

Kawu ya dube ni, ya dubi ƙofar gidanmu, ya sake dubana. "Nan ɗin fa? Kasuwa ce?"

Na tashi na koma tsakar gida. Baba ya bar wasiyya ɗaya tak: ranar da ya mutu a rufe shi a ranar, a nan Daura, cikin farin ƙyalle, babu akwati. Ni ya faɗa wa, ni ya ɗora wa. Ba mu cika masa ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don jikokinsa su san cewa abin da suka gani a hotunan jana'izarsa, rumfuna da anko da akwati mai walƙiya, namu ne, ba nasa ba ne.

Baba mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Iyayensa Maguzawa ne. Yana saurayi ya karɓi Almasihu, mahaifinsa ya ce to sai ya nemi gonar da zai noma a wani wuri. Ya bi wani ɗan kwangila mai yin bencin makaranta har Daura, ɗan kwangila ya gama aikinsa ya tafi, Baba ya tsaya. A nan ya auri Inna, a nan aka haife mu, a nan haƙoransa suka zube. Amma har ya tsufa, idan baƙon ciniki ya ji Hausarsa tas, ya ga gicciyen katako a jikin rumfa, sai ya tambaye shi, "Malam, kai ɗan ina ne?" Baba sai ya yi murmushi ya ce, "Matafiyi ne. Me za a yi maka, ƙofa ko taga?"

Ina 'yar firamare na taɓa dawowa gida ina kuka. A makaranta wata yarinya ta ƙi shan ruwa a kofina, ta ce ni arniya ce. A ranar Lahadin da ta wuce kuma wata mata a coci, daga cikin mutanen kudu, ta tambaye ni ko gidan wa nake yi wa aikatau, don ba ta taɓa tsammanin Bahaushiya za ta zo sujada don kanta ba. Na tarar da Baba yana yanka katako. Na ce, "Baba, mu ɗin na ina ne? Can ba a son mu, nan ba a san mu ba. Fasto kuma yana cewa wai mu zaɓaɓɓun Allah ne. Haka ake yi wa zaɓaɓɓe?"

Bai ajiye zarto ba. Da haɓa ya nuna mini tarin katakon da ke jingine a bango. "Uwata, wanne ne ya fi hutawa, waɗancan ko wannan da ke hannuna?"

Na ce waɗancan.

"To wannan shi na zaɓa. Shi zai sha zarto, ya sha guduma, ya sha ƙusa. Ba don ya fi sauran kyau ba, ni ne dai nake da aiki da shi. Allah bai zaɓe mu don mu yi wa kowa taƙama ba. Aike ne. Wanda aka aika kuwa ba ya mamaki idan ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Je ki wanke kofinki, gobe in ta ji ƙishi ki sake miƙa mata."

Na tafi ina gunaguni, don ni tun ina ƙarama ba na barin ta kwana. Washegari ban miƙa mata kofi ba, rankwashi na ba ta.

Haka yake magana kullum. "Gida yana gaba," in ji shi, ko da zancen yoyon rufi ake yi. Inna takan harare shi ta ce, "Gida yana gaba, amma a nan ruwa yake zubo mini a gado. Kafinta guda, ɗakin matarsa yana yoyo!" Sai ya yi dariya ya ɗauko tsani. Kada wani ya ɗauka waliyyi nake bayar da labarinsa. Baba yana da taurin kai irin na jaki, yana da faɗa a kan aiki, almajiran sana'arsa da yawa sun gudu saboda ƙusa ɗaya da ta karkace. In ya ce a'a, ko gari zai taru ba ya sakewa.

Tsakaninsa da Kawu sai Allah. Kowace Lahadi da safe suna haɗuwa a ƙofar gida, Baba da farar rigarsa zai tafi sujada, Kawu da sandarsa zai tafi kasuwar Mai'adua. "Kafinta, a sayo mana aljanna!" in ji Kawu. "Kai ma a yi wa masu shanu gaskiya yau ɗaya!" in ji Baba. Da Sallah cinyar rago tana shigowa gidanmu, da Kirsimeti kuma Baba ba ya yanka akuyarsa da kansa, sai ya kira Kawu ya yanka, don kowa a unguwa ya iya ci. Makarar unguwa in ta karye rumfar Baba ake kawo ta, bai taɓa yarda an yi masa zancen lada ba. Yakan ce, "Motar matafiya ce, ba a karɓar na gyara."

Sau ɗaya na san sun ɓata. Wani azumi Kawu ya zaunar da shi ya ce, "Kafinta, ba wasa nake yi ba yau. Mutum irinka, in tuna ba za mu tashi wuri ɗaya ba, barci ba ya ɗaukata. Ka dawo hanya." Baba ya ce, "Ni ma abin da nake roƙa maka ke nan kowace safiya." Magana ta yi tsami, kowa ya tashi fuu. Suka yi makonni ba gaisuwa, mu yara har muna tsoron shiga gidan juna. Rannan ƙafar kujerar Kawu ta karye, ko kuwa shi ya karya ta, Allah masani. Ya aiko da ita ba saƙo. Baba ya gyara, ya ɗauka da kansa ya kai, ya ajiye, ya zauna a kai ya ce, "Bari in gwada, kada ta ka da tsoho." Shi ke nan, aka kawo fura. Babu wanda ya sauya addini, babu kuma wanda ya daina yi wa ɗan'uwansa addu'a.

Wata shekara gari ya yi zafi, jita-jita ta yi yawa, Kiristoci da dama suka ɗaure kaya suka shiga mota. Yaya, babban wanmu, lokacin yana saurayi, ya ce mu ma mu koma gida. Baba ya ce, "Wane gidan? Can baƙo, nan baƙo. Gara inda na san mai shayi." Kawu ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu, a nan yake salla, a nan yake cin abinci, har ƙura ta lafa. Yaya bai manta da wannan tsoron ba, kuma ba na ganin laifinsa. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa mutum ba shi da daraja sai yana da garin da zai nuna ya ce nasa ne. Da ya samu aiki ya so ya gina gida a ƙauyen Baba. Baba ya hana. Yaya ya ce, "Baba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Baba ya ce, "Ai ni gida ne ya fara barina, na samu wanda ya fi shi. Kai dai ka gina inda kake kwana."

Abin da ya sa wasiyyarsa ta zama haka kuwa, sana'arsa ce. Shekaru da yawa shi ne mai yi wa Kiristocin gari akwatin gawa: 'yan kasuwa, 'yan sanda, malaman makaranta, mutanen da aiki ya kawo daga nesa. Ya ga yadda ake yi. A ajiye mutum wata da watanni, iyali su ci baƙar wahala, a ɗaura akwati a kan mota a yi ta gararamba da shi a hanya, a kai shi garin da ya manta da shi. Yana yin aikin da kyau, bai taɓa kushe al'adar kowa ba. Amma in mota ta tashi sai ya girgiza kai ya ce, "Mai shi ya riga ya isa gida tun tuni, ga shi ana wahalar da rigarsa."

Daminar bara na zo duba su. Ƙafafunsa sun kumbura, ya daina aiki, amma kullum a rumfa yake wuni yana sa wa masu aiki ido. Ya ce in zauna. Ya kori kowa.

"Uwata, ke zan faɗa wa, don ke ce mai baki. Yayanki yana da kirki amma yana jin kunyar mutane. Uwarku kuma ba za ta iya musu da ɗanta na fari ba. Ranar da na tafi, kada rana ta faɗi ina waje. A nan, a makabartarmu ta bayan gari. Farin ƙyalle ya isa. Na yi wa mutane akwati sun isa, ni kada a yi mini. Ƙasar Allah ce ko'ina, kuma ranar tashi ba sai an tambayi ɗan wane gari ne ba."

Na ce, "Haba Baba, wane irin zance ne wannan? Kai da za ka ga auren jikokinka."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba."

"Za ki tsaya?"

"Zan tsaya."

Ni ce fa. Ni da na taɓa tsayar da motar haya a tsakiyar titi saboda direba ya zagi wata tsohuwa. Ni da ko mijina yake cewa in za a yi rigima a ba shi sanarwa ya bar gari. Ranar da Baba ya cika, muna hanya wajen Kano Yaya ya kira ni. Na ce masa, "Yaya, Baba ya bar magana, yau za a rufe shi a Daura." Sai na ji yana kuka. Ya ce, "So kike a jefa ubanmu a rami kamar wanda ba shi da kowa? Duk rayuwarsa ana ce masa baƙo, a mutuwar ma a bar shi a garin mutane? Mutanen ofishinmu suna tambayata ina za a kai shi, in ce musu me? Ki bari mu yi masa gata sau ɗaya."

Sai bakin nan nawa ya mutu. Da zan ce tausayin Yaya ne kaɗai, da na yi ƙarya. Ni ma na hango kaina a gaban dangin mijina da matan cocinmu na Zariya, ana cewa an binne uban wance a rana ɗaya, ba sanarwa, ba taro, kamar ba shi da 'ya'ya. Kunya ta kama ni, kunyar da Baba ya yi shekara da shekaru yana cire mana. Na ce, "To, Yaya, yadda ka gani." Kalma biyar, ko minti ɗaya ban yi ina musu ba.

Da la'asar motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Mazan da suka wuni suna jira su raka shi ko da bakin makabarta ne suka miƙe tsaye, suka rasa abin yi, su bi mota ko su zauna. Suka yi zaman makoki na kwana uku kamar yadda aka saba, alhali ba a rufe kowa ba, sannan aka naɗe tabarmi. Fasto ya kira ni gefe ya tambaye ni a hankali yadda za a yi da ramin. Na ce a mayar da ƙasa. Samarin da suka haƙa shi da safe suna waƙa, su suka koma suka cike shi babu kowa a ciki.

Makonni muka yi muna shiri. Aka fitar da anko, aka buga hotonsa a riguna, shi da bai taɓa yarda an rataye hotonsa ko a ɗaki ba. Aka sayo akwati daga Kano, fari, da hannaye masu ruwan zinariya. Da aka sauke akwatin, Inna ta matso ta shafa kusurwarsa da yatsa, ta ce, "Gam ne kawai. Da ya gani da ya kori wanda ya yi shi." Wasu suka yi dariya. Ni na shiga banɗaki na yi kuka.

A ƙauye an karɓe mu da mutunci, ba zan ci amanarsu ba. Amma waɗanda suka san Baba duk sun riga shi. Jikokin 'yan'uwansa sai da suka yi shawara kafin su tuna inda gidan kakanmu yake, yanzu gonar dawa ce. A gefenta aka haƙa. Mai wa'azin da aka ɗauko bai taɓa ganinsa ba, daga takarda yake karanta halayensa. Taro ya yi taro, an ci shinkafa, an yi hotuna, abokan aikin Yaya sun yaba. Tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ba ta nan. Masu aikin rumfa mutum biyu ne suka samu zuwa. Kawu kuwa ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, a ƙofar gida ya tsaya da sandarsa ranar da muka tashi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Uwar kafinta, in kun je ki ce masa na so in raka shi."

Baba, na san ka isa gida. Na san ba a gonar dawa kake ba, kamar yadda da ba za ka kasance a bayan garin Daura ba. Abin da ka koya mana ke nan, kuma da shi nake lallashin kaina. Amma abu ɗaya ka roƙe ni a duniya, kuma saboda idon mutane na sayar da shi. Na nemi gafarar Ubangiji, na gaskata ya yi mini. Taka ce ba zan ji da kunnena ba sai mun haɗu.

Bayan komai ya lafa na koma Daura don in ɗauko Inna ta zauna wurina. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na yi ta kawo dalilai: gida ya yi mata girma, ga asibiti kusa da mu, ga jikoki. Ta bar ni na gama.

"Ba inda za ni," ta ce. "Kuma tunda kin zo, gara ki ji daga bakina. Na yi magana da Fasto, na yi da Kawunku. Ƙyallena yana cikin adaka, matan zumunta sun san wurin. Ranar da na tafi, a ranar za a rufe ni, a nan. Sai an dawo daga makabarta za a buga muku waya."

Na ce, "Inna! Mu 'ya'yanki? Sai an rufe ki za mu ji?"

"Sai an rufe ni."

"To ai sai ki bari a kai ki kusa da shi. Shekara nawa kuna tare, a ce yana can kina nan?"

"Ku kuka kai shi can. Ni da shi mun san inda za mu haɗu."

Na durƙusa a gabanta, na kama gefen faifan. "Inna, ki bar shi a hannuna. Na rantse miki wannan karon zan tsaya. Ko Yaya zai daina yi mini magana har abada, zan tsaya."

Ta ɗago ta dube ni. Babu fushi a idonta, da akwai da na fi samun sauƙi. Ta cire hannuna daga faifan a hankali, kada wake ya zube.

"Na sani kina so ki tsaya," ta ce. "Shi ma haka ya ɗauka."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na jawo rabin na fara tayawa, ba ta hana ni ba.